Wasan Bagadaza: Ko Ya Cancanci Kuɗin da Ake Nema?

Daga wani Jami'in Ilmi, Gesse, Birnin Kebbi

Ran nan bayan sallar la'asar wani maƙwabcina a nan Gesse, akawu ne a ofishin kuɗi, ya yi mini sallama. Da muka gaisa sai ya ce, "Malam, na zo neman shawara. Na yi wa ɗana alkawari in ya ci jarrabawa zan saya masa abin da ya zaɓa. Ga shi ya ci, abin da ya zaɓa kuwa wasan bidiyo ne, wai shi Assassin's Creed Mirage. Ya ce mini tarihin Bagadaza ne zalla, har da kiran salla a ciki. In saya ko in bari?"

Na ce masa, "Alhaji, ba ni mako guda, don ba a cinikin biri a sama." Na sami waɗansu ɗalibaina masu koyon aikin malanta da ke da na'urar, na zauna da su dare uku suna yi ina kallo, wani lokaci su miƙo mini in gwada. Na ga ya kyautu in rubuta abin da na gani, domin na tabbata akwai malamai da akawuna da yawa da 'ya'yansu suka zo musu da irin wannan roƙo.

Asalin Wasan

Wani kamfanin Faransa ne mai suna Ubisoft ke yin waɗannan wasanni, jeri ne mai tsawo, kowane ɗaya da zamaninsa da birninsa. Na fari ya fito a 2007, labarinsa ya faru a 1191 a Dimashƙa da Ƙudus da Akka, zamanin yaƙin 'yan Salibiyya. Na biyu ya fito a 2009, ya koma ƙasar Italiya ta ƙarni na 15. Tun daga nan suka yi ta zagaya duniya, har Masar da Girka, har suka kai Ingila a 2020 cikin wanda suka kira Valhalla. Amma da tafiya ta yi tafiya sai wasannin suka yi ta kumbura, faɗa ya yi yawa, sanɗar da aka san su da ita ta ragu, har mutum ya kan shafe awa 60 bai ga ƙarshen labari ba. Masoyansu na dā suka yi ta ƙorafi.

Mirage shi ne amsar wannan ƙorafi. Reshen kamfanin da ke birnin Bordo ya yi shi, ya fito ran 5 ga Oktoba 2023. An mai da shi gajere, birni guda, labarin da za a iya gamawa cikin awa 15 zuwa 20. Hausawa sun ce kyan ɗa ya gaji ubansa, to, wannan kakansa na 2007 ya yi niyyar gada.

Yadda Ake Yinsa

Mai wasa shi ne Basim, wani saurayi ɗan sane da ya tashi a titi, wata mace mai suna Roshan ta ɗauke shi ta shigar da shi wata ƙungiyar asiri, aka horar da shi a dutsen Alamut, sa'an nan aka mai da shi Bagadaza don ya farauci waɗansu manyan azzalumai masu ɓoye fuskokinsu.

Duk wanda ya taɓa ganin maharbi yana sanɗar gada a fadamar Rima ya san jigon wasan. Za a nuna maka gida mai dogarai, a ce wanda kake nema yana ciki. Sai ka saki mikiyarka ta yi shawagi ta nuna maka inda kowane dogari yake. Daga nan dabara ta rage gare ka: ko ka bi ta saman soraye, ko ka laɓe cikin ciyawa, ko ka saje da taron 'yan kasuwa, ko ka biya makaɗa su ɗauke hankalin masu tsaron ƙofa. Kana da wuƙa ɓoye a hannun riga, da wuƙaƙen jifa, da ƙunshin hayaki, da 'yar kibiyar busawa mai sa barci. In aka gan ka kana ɓarna sai a manna hotonka a bango, mutanen gari su riƙa nuna ka, sai ka yayyage takardun ko ka ba mai shela toshiya kafin ƙura ta lafa. In kuwa ka ce ƙarfi za ka gwada, dogarai uku ko huɗu sun isa su gama da kai. Mai haƙuri da lura shi ke cin wannan wasa, mai gaggawa kuwa kullum yana komawa baya.

Birnin da Aka Sake Ginawa

Abin da ya fi burge ni shi ne birnin kansa. Halifa Mansur na Abbasiyawa ya kafa Bagadaza a 762, watau shekara ta 145 ta Hijira, a bakin kogin Dijla, ya yi mata ganuwa zagayayyiya mai ƙofa huɗu: Ƙofar Kufa, da ta Basra, da ta Khurasan, da ta Sham. Yau babu ko kufan wannan zagayayyen birni da ya rage a bisa ƙasa. Yaƙe-yaƙe da ambaliya sun ci shi, sa'an nan Hulagu ya zo da rundunar Mangol a 1258 ya ƙone Bagadaza. Saboda haka masu wasan dole suka koma ga abin da malaman dā suka rubuta, da kayan da ke gidajen tarihi, da gine-ginen Samarra da suka saura, suka ƙiyasta sauran.

Aikin ya yi kyau ƙwarai. Ka shiga kasuwar Karkh ka ga masu kayan yaji da masu tufafi, ka bi ta wurin marina ka ga ruwan baba ya rine ƙasa kamar Ƙofar Mata ta Kano, ka ji ladani daga nesa. Ana iya sa mutanen ciki su yi magana da Larabci, ɗalibaina masu karatun Arabiyya kuwa sun ce sun ƙaru da saurare. Akwai Baitul Hikma, inda a zamanin nan aka juya littattafan Yunanawa da Farisawa da Indiyawa zuwa Larabci. A birnin ne Khuwarizmi ya rubuta littafin da ya ba aljabara sunanta, kuma daga sunansa aka samo kalmar da masana kwamfuta ke kiran tsarin lissafinsu da ita har yau. Mai wasa zai sadu da 'ya'yan Musa bin Shakir, waɗanda suka wallafa Kitabul Hiyal wajen 850, littafin na'urori kusan 100, zai kuma sadu da Jahiz marubuci.

Har wa yau an sa wani sashe mai suna Tarihin Bagadaza, wurare 66 warwatse cikin gari, kowane ɗaya in ka isa gare shi sai bayani ya buɗe, game da kasuwanci, ko shari'a, ko likitanci, ko zaman iyali, tare da hoton kayan gaske daga gidajen tarihi. Masana tarihi ne suka duba shi. Wannan sashe na karanta shi da idon malami, ban kuwa ji kunyar a nuna wa ɗalibi shi ba.

Inda Ya Saɓa wa Tarihi

To, amma fa labarin da ake bi cikin birnin ƙagagge ne, kuma nan ne ɗan maƙwabcina ya yi kuskure da ya ce tarihi ne zalla. Ga misali uku.

Na ɗaya, wasan ya nuna an kashe Halifa Mutawakkil a fadarsa ta Anbar sa'ad da ɓarayi suka shiga sata. Abin da ke cikin tarihi shi ne, sojojinsa Turkawa suka kashe shi a watan Disamba 861 kusa da Samarra, ana kuwa zargin da sanin ɗansa Muntasir. Na biyu, wanda bai sani ba sai ya zaci daga Bagadaza ake mulki a lokacin, alhali tun 836 aka mai da fadar halifa Samarra, ba ta komo ba sai 892. Na uku, ƙungiyar da aka kwaikwaya, wadda Turawa suka samo kalmar asasin daga laƙabinta, ba ta riƙe Alamut ba sai 1090 a hannun Hasan Sabbah, fiye da shekara 200 bayan zamanin Basim. Haka kuma an sa Ali bin Muhammad cikin abokan Basim, shi kuwa mutum ne na gaske, wanda ya shugabanci tawayen bayin Zanj a fadamun Basra daga 869 zuwa 883, amma abin da aka sa shi yi cikin wasan duk shiri ne.

Akwai kuma abin da ya wajaba uba ya sani. Ƙarƙashin dukan jerin wasannin akwai wata tatsuniya ta waɗansu halittu da wai suka riga 'yan Adam, kuma ƙarshen labarin Basim ya jingina da ita, har da batun rai ya sake dawowa cikin wani jiki. Babba mai hankali zai ɗauke ta tamkar labarin Gizo da Ƙoƙi. Yaro ƙarami kuwa, da ya ji kiran salla a farko, yana iya ɗaukar kome da ke ciki gaskiya ne. Bayan wannan, aikin mai wasa daga farko har ƙarshe kisa ne da yankan aljihu, ana kuwa nuna jini. Hukumar da ke auna wasanni a Turai ta sa masa alamar shekara 18, ta Amurka ta sa 17. Su da suka yi abinsu ke nan.

Ta wajen daɗin wasa ma yana da aibi. Labarin bai da zurfi, Basim bai cika shiga rai ba, dogaran kuwa wani lokaci wawaye ne, ka kashe ɗaya a bayan ɗan'uwansa bai waiwaya ba. A dare na uku na lura aikin ya soma maimaita kansa.

Maganar Kuɗi

Da ya fito an sa masa dala 50, ƙasa da yadda aka saba sayar da manyan wasanni. Amma a 2025 dala guda ta riƙa kai-kawo kusa da naira 1,500, watau kuɗinsa wajen naira 75,000 ke nan, alhali mafi ƙarancin albashin da Gwamnatin Tarayya ta tsayar a 2024 naira 70,000 ne. Kuma wasan ba ya tashi shi kaɗai. Sai da na'ura irin su PlayStation 4 ko 5, ko Xbox, ko kwamfuta mai ƙarfi. Wanda zai sauke shi ta intanet zai ci wajen gigabait 40. Ga man janareto in an ɗauke wuta. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, ruwan da wannan ke zubarwa kuwa kuɗi ne da lokacin karatu.

Shawarata

Ga abin da na gaya wa maƙwabcina. In mai wasan baligi ne, ya kai shekara 18, kuma da ma akwai na'ura a gida, to, wasan ya cancanci a saya, ya ma fi 'yan'uwansa dacewa da mu, don gajere ne, yana da ƙarshe, kuma birninsa namu ne ta wajen addini da ilmi. Sai dai kada a biya cikakken kuɗi. Tun da ya kwana biyu da fitowa, a nemi faifan da wani ya gama da shi, ko a jira lokacin rangwame, ko samari biyu ko uku su haɗa kuɗi su yi karɓa-karɓa. Mai faifai ba ya bukatar intanet bayan ya girka shi, in ya gama kuma yana iya sayarwa. In kuwa sai an sayi na'ura tukuna saboda shi, bai kai ba. In yaron bai wuce 14 ko 15 ba, a canja masa kyauta, a gaya masa dalili, kada a bar shi da zaton an karya alkawari.

Ga 'yan'uwana malamai kuwa, kada mu yi wa abin nan kallon raini. Ɗalibin da ya yi awa 20 yana yawo cikin Karkh zai zo aji da tambaya, aikinmu ne mu rarrabe masa tsaki da tsakuwa. A ba shi aiki ya kawo abu uku da wasan ya faɗa daidai da uku da ya ƙaga. Na gwada wannan da ɗalibaina, sun kuwa buɗe littattafan da da ban isa in sa su buɗe ba.

Wani abu guda ya tsaya mini a rai. Mutanen Bordo sun tayar da birnin da ko tubalinsa babu. Mu kuwa ganuwar duwatsun Surame, birnin Kanta, tana nan tsaye cikin daji a Jihar Sakkwato, yawancin 'ya'yanmu ba su taɓa ganinta ba. Kanta ya ɓalle daga Askiya Muhammadu na Sanwai wajen 1516, ya kafa daular da ta gagari Sanwai da Barno. Masu ba da labari na cewa da rundunar Barno ta kewaye Surame, gawawwaki aka jera bisa ganuwa riƙe da baka, abokan gāba suka zaci mayaƙa ne, suka janye. Wace dabara ce cikin wasan Basim ta fi wannan? Tsohon gidan sarautar Argungu kuwa tun 1958 aka mai da shi gidan tarihi mai sunan Kanta, da makamai da tambura a ciki, tafiyar kamar awa guda daga Gesse.

Ɗan maƙwabcina shekararsa 19, yayansa kuma yana da na'ura, saboda haka uban ya sayi tsohon faifai. Amma ya gindaya masa sharaɗi, ranar Asabar za su tafi Argungu tare, ya kuma roƙe ni in raka su. Na amsa. Allah ya shirya mana zuriya, ya sa abin da suke kallo ya zama sanadin karatu, amin.