Ramin Iska: Inda Ake Gwada Numfashin Injin Jirgi Tun Yana Ƙasa

Duk wanda ya taɓa raka maniyyaci daga Gwandu ko Kalgo zuwa filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello da ke Birnin Kebbi ya ga dogon gudun da babban jirgi ke yi kafin ya ɗaga. Amma akwai jiragen da gajeren fili ya ishe su, irin Dornier 228 na rundunar sojin saman Najeriya.

Tashin gaggawa yana da haɗarinsa. Jirgin kan ɗaga hanci sosai alhali gudunsa bai yi ƙarfi ba, sai iska ta riƙa bugun bakin injin a karkace. Idan karkatar ta yi yawa, iskar kan saki leɓen bakin ta hargitse, wani gefen farfelar da ke matse iska ya samu da yawa, wani ya rasa. Injin na iya shaƙewa, ƙarfinsa ya faɗi a daidai lokacin da jirgin ke dab da ƙasa. Zafin Afrilu a Kebbi, da kan haura digiri 40, yana ƙara tsananta lamarin, domin iska mai zafi ba ta da kauri.

Shi ya sa ake fara gwaji a ramin iska, wato ƙaton bututu mai manyan fankoki. Ana kafa samfurin bakin injin a ciki, a hura masa iska, a riƙa karkata shi kaɗan-kaɗan, ƙananan na'urori suna auna matsin iska a fuskar injin. Da zarar awon ya hargitse, an gano iyakarsa, sai a ƙara wa leɓen kauri ko a sauya lanƙwasarsa. A 1968 hukumar NASA ta gina irin wannan rami mai ƙafa 9 da 15 a Cleveland ta Amurka domin jirage masu gajeren tashi.

Wasu wayoyin zamani ma suna ɗauke da ma'aunin matsin iska. Sauke manhajar phyphox, idan wayarka tana da shi, ka hau bene a Jami'ar Tarayya da ke Kalgo, za ka ga lambar tana raguwa. Mai son zurfafawa kuma, Cibiyar Fasaha ta Sojin Sama da ke Kaduna tana koyar da injiniyancin jiragen sama.