Daga Fagen Yaƙi Zuwa Ƙauye: Yadda Idon Don McCullin Ya Sauya

Idan kana cikin matasan da ke yawo da kyamara ko waya a titunan Kano, Kaduna ko Abuja, ka san yadda birni yake koya wa mutum hanzari. Abu ya faru, ka ɗaga, ka ɗauka, ka ɗora a Instagram kafin wani ya riga ka. To me zai faru da idonka idan aka ɗauke ka aka kai ka inda sai ka wuni ba ka ga mota biyar ba? Labarin wani Bature mai suna Don McCullin zai ba ka amsa.

An haifi McCullin a 1935, ya tashi a wata unguwar talakawa a Landan. Hotonsa na farko da ya fito a jarida na wasu samarin daba ne na unguwarsu, wanda The Observer ta buga a 1959. Daga nan sai yaƙi ya zama sana'arsa. Ya je Cyprus a 1964, inda hotonsa ya lashe kyautar World Press Photo. Ya yi kusan shekara 18 yana aiki da The Sunday Times, ya je Biyetnam, ya zo nan Najeriya lokacin yaƙin Biyafara ya ɗauki yaran da yunwa ta ƙarar. A Kambodiya kuwa, a 1970, kyamararsa ƙirar Nikon ce ta tare harsashin da ya nufo shi.

Bayan duk wannan sai ya koma karkara da zama, a yankin Somerset da ke kudu maso yammacin Ingila, inda aka taɓa kai shi yana yaro don gudun bama-baman yaƙin duniya na biyu. Can ya karkata ga ɗaukar gonaki, itatuwa da filayen da ruwa ya malale.

Abu na farko da ya sauya shi ne lokaci. A fagen yaƙi sakan ɗaya ne tsakanin samun hoto da rasa shi. A karkara kuwa fili yana nan, ba inda zai je, haske kake jira. McCullin ya fi son lokacin sanyi, sa'ad da itatuwa suka zubar da ganye, yakan fita da sassafe ya tsaya har hadari ya daidaita yadda yake so.

Na biyu, nauyin zuciya. Ya sha faɗa cewa ɗaukar mutane suna mutuwa ya bar masa damuwa da jin laifi, kuma fita daji ya zame masa magani. Itace ba zai tambaye ka me ya sa ka ɗauke shi maimakon ka taimake shi ba.

Amma fa kar ka ɗauka ƙauye yana wanke mutum tas. Hotunansa na Somerset baƙi da fari ne, sararin sama ya yi duhu, har masu kallo kan ce kamar filin da aka gama yaƙi. Abin da ka gani a baya yana biyo ka gona.

Ina ruwanka da wannan? Wataƙila hidimar ƙasa za ta jefa ka wani ƙauye, ko hutu ya kai ka wajen kakanni. Da yawanmu muna zuwa da idon birni: mu hango yaro ba takalmi, mu ɗauka, mu rubuta “talauci”, shi ke nan. Wanda ya zauna kuwa yakan ga abin da baƙon kwana ɗaya ba zai gani ba: gayya ranar noma, launin gero gab da girbi, yadda hazon hunturu ke tausasa hasken safiya. Kuma a ƙauye ba ka ɓacewa cikin jama'a. Wanda ka ɗauka yau, gobe za ku haɗu a masallaci ko bakin rijiya, don haka dole ka yi sallama, ka nemi izini, ka nuna masa hoton.

In dama ta samu, zaɓi wuri guda, ko kuka ce ko bakin rafi. Ɗauke shi da asuba, da la'asar, da rani, da damina. Ka jera hotunan ka duba. Za ka gane abin da gaggawa take ɓoye maka.