Danniyar Ruwa da Nauyin Awo a Cikin Bututu Mai Siffar U

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda za ta yi bayani a kan wani darasi na kimiyyar fiziks, wato yadda abu mai ruwa-ruwa yake danna abin da ke ƙarƙashinsa, da yadda ake amfani da lanƙwasasshen bututu mai siffar harafin U domin auna wannan danniya. Manufa ita ce ɗalibi ya fahimci darasin, kuma ya lura da kalmomin da aka zaɓa, domin kalma guda idan ta karkace, sai ta karkatar da lissafin baki ɗaya.

2.0 Kalmomin Aiki

Danniya ita ce ƙarfin da ya faɗa a kan wani fili, idan aka raba shi da girman filin. Shi ya sa allura take huda fata da ɗan turi kaɗan, amma tafin hannu ba ya hudawa. Ana auna danniya da faskal. Idan aka baza kilo 1 na yashi a kan fili mai murabba'in mita 1, danniyarsa ta kai wajen faskal 10.

Nauyin awo kuwa shi ne nauyin abu idan aka cika wani ma'auni sananne da shi. Kowa ya san tiyar gero ta fi tiyar dusa nauyi, alhali tiyar ɗaya ce. Haka lita 1 ta ruwa take da kilo 1, ta man gyaɗa wajen giram 920, ta kananzir wajen giram 800, ita kuwa zaiba lita 1 tata ta kai kilo 13.6.

A nan ya kamata ɗalibi ya yi hattara da kalmar kauri. Sau da yawa akan ɗauka abin da ya fi kauri shi ya fi nauyin awo. Ba haka ba ne. Man gyaɗa ya fi ruwa kauri, domin ya fi shi jinkirin zuba, amma idan aka haɗa su a kwalba man ne yake tasowa sama. Kauri maganar gudana ce, nauyin awo maganar sikeli ce.

3.0 Dokar Zurfi

Danniya a cikin ruwa ta dogara ga abubuwa uku: nauyin awon ruwan, da ƙarfin jan ƙasa, da zurfi. Ana rubuta ta haka:

P = ρ × g × h

P ita ce danniya. Alamar ρ harafin Girkanci ne da ake kira "ro", yana wakiltar nauyin awo, wato kilo nawa ke cikin lita 1000. Shi g jan ƙasa ne, kimarsa 9.8, sannan h zurfi ne a mita. Saboda haka a zurfin mita 1 cikin ruwa, lissafin shi ne 1000 × 9.8 × 1, wato faskal 9,800.

A lura cewa babu faɗin mazubi a cikin wannan doka, babu siffarsa. Zurfin mita 1 a cikin randa da zurfin mita 1 a cikin kogin Kwara danniyarsu ɗaya. Masanin da ya fara nuna haka a rubuce shi ne Simon Stevin, haifaffen garin Bruges da ke Beljiyam ta yau, a shekarar 1586.

4.0 Bututu da Ruwa Iri Ɗaya

Idan aka zuba ruwa a bututu mai siffar U wanda bakunansa biyu suke buɗe, ruwan zai tsaya a tsayi ɗaya a hannuwan biyu. Dalili shi ne, da a ce hannun dama ya fi tsayi, da danniyarsa a gindin bututun ta fi ta hagu, sai ta tura ruwan har su daidaita. Ko da hannu ɗaya ya fi ɗan uwansa faɗi, sakamakon ba ya canzawa. Butar shayi shaida ce: ruwan da ke cikin hancinta a tsayi ɗaya yake da wanda ke cikin cikinta.

Da wannan doka magina suke aiki idan suka cika dogon tiyo mai garai-garai da ruwa, mutum ɗaya ya riƙe wannan baki a kusurwar gini, wani ya riƙe wancan. Inda ruwan ya tsaya a bakunan biyu, nan ne daidai. Amma idan kumfar iska ta maƙale a tsakiyar tiyon, awon ya ɓaci, kuma katanga za ta tashi a karkace.

5.0 Bututu da Ruwa Iri Biyu

A fara zuba ruwa, sannan a zuba man gyaɗa a hankali a hannun dama. Tunda ba sa gaurayuwa, za a ga iyaka tsakaninsu. Za a kuma ga saman man ya fi saman ruwan da ke hagu tsayi. Daga kan iyakar sai a ja layi a miƙe zuwa hannun hagu. Ƙasa da wannan layi duk ruwa ne, don haka danniya a kan layin ɗaya ce a hannuwan biyu. Iskar sarari tana danna bakunan biyu daidai wa daida, jan ƙasa ma ɗaya ne, saboda haka abin da ya rage shi ne:

nauyin awon mai × tsayin mai = nauyin awon ruwa × tsayin ruwa

Misali, an auna daga layin aka sami tsayin mai santimita 20, tsayin ruwa santimita 18.4. Sai a ninka 1000 da 18.4, a raba da 20. Amsa ita ce 920. Da kananzir aka zuba har santimita 20, da ruwan santimita 16 ya ishe shi. Idan kuwa zaiba ce a ƙasa, ruwan santimita 27.2 ba zai ɗaga ta fiye da santimita 2 ba. Ke nan an gano nauyin awo da abin auna tsayi kawai, ba tare da sikeli ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne aunawa daga gindin bututu maimakon daga iyaka. Haka kuma ba a so bututun ya cika siranta, domin ruwa yakan hau bangon siririn bututu da kansa.

6.0 Auna Danniyar Iska

Idan aka haɗa baki ɗaya da tukunyar gas, ko aka hura shi, ruwan zai sauka a wannan hannu ya hau a ɗayan. Bambancin tsayin shi ne ma'aunin danniyar. Bambancin santimita 10 na ruwa yana nufin gas ɗin ya fi iskar sarari da faskal 980.

Ita kanta iskar sarari an auna ta da irin wannan dabara. A 1643 Evangelista Torricelli, ɗan Italiya, ya cika bututu mai rufaffen kai da zaiba, ya kifa shi cikin kwano mai zaiba, sai ta tsaya a wajen santimita 76. A 1648 Blaise Pascal, wanda aka sa wa ma'aunin danniya sunansa, ya sa mijin yayarsa ya hau dutsen Puy de Dôme a Faransa da irin wannan bututu. A ƙwanƙolin dutsen zaibar ta sauka da fiye da santimita 8, domin iskar da ke danna ta ta ragu.

Santimita 76 na zaiba daidai suke da wajen mita 10.3 na ruwa. Shi ya sa famfon da ke zuƙo ruwa daga bakin rijiya ba ya iya ɗago shi daga zurfin da ya wuce haka, sai dai a zura injin ko tulunsa can ƙasa ya turo ruwan. Haka nan idan likita ya ce awon jinin mutum 120 bisa 80 ne, milimita na zaiba yake nufi, ko da na'urarsa ta lantarki ce.

7.0 Kammalawa

An ga cewa danniya tana bin zurfi da nauyin awo, ba ta bin faɗin mazubi, kuma daga wannan doka guda aka fitar da awon magini, da na mai, da na iska. Domin jarraba fahimta, ɗalibi ya amsa wannan cikin cikakkun jimlolin Hausa: an zuba wani mai a bututun, tsayinsa daga iyaka ya kai santimita 25, na ruwa 21. Nawa ne nauyin awonsa, kuma me ya sa ba za a iya faɗin kaurinsa daga wannan awo ba?