Lambar Gana ce, muryar kuwa daga Jidda

Wata Laraba, ranar kasuwar Nima, gwaggona ta shigo shagonmu na Kanda da waya a hannu, ranta a ɓace. Ɗanta da ke Jidda ya kira ta da asuba kan kuɗin magani, suna cikin magana layi ya yanke. Lambar da ta fito ta fara da 024, wato MTN ta nan Gana. Ta maida kira har ta gaji, shiru. "Kai ɗana, yaron nan ya dawo Ankara ne ya ɓoye mini?"

Bai dawo ba. Kiransa ne ya bi ta barauniyar hanya. A 2010 Gana ta tsayar da farashin kiran da ke shigowa daga waje a kan senti 19 na dalar Amurka kowane minti, gwamnati na ɗaukar 6 a ciki. Sai wasu suka ga ganima: su karɓi kiran ta intanet, su zuba shi cikin akwati mai ɗauke da sim da yawa, akwatin ya sake buga shi a matsayin kiran gida, su ci rarar. Lambar Saudiyya mai 966 ta ɓace a hanya, abin da gwaggo ta gani lambar wani sim ne a wani ɗaki. Laifi ne, kuma hukumar sadarwa ta NCA da 'yan sanda sun sha kama masu yi.

Na gane abin da wuri domin ni ma akwati ya taɓa ja mini asara. Namu ƙarami ne, sim huɗu, aikinsa rarraba kiran masu sayen kaya ga yaran shago. Yaron da ya haɗa mana shi ya ba shi doka ɗaya tak: duk lambar da ta shigo, cire uku na farko, sa sifiri. Ga kiran Gana wannan daidai ne, 233 ta fita, 024 ko 020 ta fito, sunan mai kira ya bayyana. To amma akwati ba ya tambaya. Direbanmu ya ɗauko albasar Galmi zai kai kasuwar Adjen Kotoku, inda aka maida 'yan albasa daga Agbogbloshie a 2021. Mota ta lalace masa kusa da Paga, ya kira da layinsa na Nijar. Akwati ya datse 227, ya manna sifiri, sai ga lambar da babu ita a duniya. Da dare ne, ba kowa a shago. Da safe muka yi ta bugawa, ba ta shiga. Sai bayan kwana biyu muka same shi ta bakin wani ɗan'uwansa a Maradi, albasa kuwa ba ta jiran kowa a cikin zafi.

Gyaran bai kai awa ɗaya ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Doka ta koma haka: in lamba ta fara da 233 kuma tara suka biyo baya, a sa sifiri, saura duk a bar su yadda suka zo, da alamar + a gaba. Tsawon lamba ma shaida ne, ta Nijar takwas ce bayan 227, ta Najeriya goma bayan 234. A lura da 233 da 234, ɗaya ce tsakaninsu, mai gaggawa sai ya haɗa Kano da Kumasi a doka guda. Na kuma sa akwatin ya riƙa ajiye lambar asali kafin ya taɓa ta. In za a haɗa maka irinsa, kada ka sallami mai aikin sai an kira ka daga Maradi, daga Kano, daga Kumasi, ka maida kowanne ya shiga.

Ita gwaggo kuwa, na ajiye mata lambar ɗanta cikakkiya da +966, muka kira shi ta WhatsApp nan take. Na ce in lambar gida ta sake zuwa da muryar waje, kada ta tura momo sai ta kira wannan ta ji daga bakinsa. Ta sha masa faɗa tukuna, sannan suka koma maganar kuɗin magani.