Idan Murjanin Tankinka Ya Fara Fari, Auna Ruwa Kafin Ka Nemi Magani

Yawancinmu a wuyan amare da kakanni muka san murjani, jan abin adon nan da sunansa ya zo a Suratur Rahman. Amma murjani dabba ne mai rai: yana ci, yana girma, yana kuma rashin lafiya. Jan da ake yin ado da shi daga Bahar Rum aka fi samo shi. Danginsa masu launi-launi, na teku mai ɗumi, su ake kiwo a gida cikin tankin gilashi mai ruwan gishiri. Kiwo ne mai cin kuɗi, kuma reshen da aka shekara biyu ana reno yana iya mutuwa a dare ɗaya.

Duk mai wannan kiwo ya san ranar da zai tashi ya tarar murjaninsa ya tsuke, ko ya koɗe. Abin da ke fara zuwa zuciya shi ne a zuba magani. To, a nan ake yin asara. Galibin ciwon murjani daga ruwa yake, kuma canjin gaggawa ya fi komai yi masa illa.

Fara da duba irin alamar. A cikin naman murjani akwai wata ƙwayar gansakuka da ido ba ya gani. Ita ke amfani da haske ta samar masa yawancin abincinsa, ita ke ba shi launi. Idan ya takura sai ya fitar da ita, ya zama fari fat. Fari ba mutuwa ba ne. Matuƙar naman yana nan lulluɓe da ƙashin, zai iya farfaɗowa cikin makonni ko watanni. Idan kuwa naman yana saɓulewa, ƙashi yana fitowa tsirara, wannan ya fi haɗari. Sai a yanke reshen da ke da lafiya, nesa kaɗan da wurin ciwon, a dasa shi daban. Wanda ya rikiɗe ya koma ruwan ƙasa kuma, yawanci datti ne ya yi yawa a ruwa ko haske ya yi kaɗan.

Bayan ido, sai ma'auni. Na farko zafi. Murjani ya fi jin daɗin digiri 25 zuwa 26 na Salsiyus. A teku ma, ƙarin digiri 1 kan zafin da ya saba, idan ya ɗauki makonni, ya isa ya sa shi fari. Haka ta faru a babban shingen murjanin Ostireliya a 2016, 2017, 2020, 2022 da 2024. Mai tanki a Akara ko Kumasi, inda ɗaki ke haura digiri 30 a watan Maris, da zafi zai fara fama. Fanka da ke hura saman ruwan tana rage zafi kaɗan, amma mai kiwo na gaske sai ya tanadi na'urar sanyaya ruwa.

Na biyu gishiri: gram 35 a kowace lita, wato 1.025 zuwa 1.026 a na'urar awo. Ka tuna ruwa ne ke ƙafewa, gishirin yana nan. Don haka da ruwa zalla ake cika abin da ya ragu, ba da ruwan gishiri ba. Kuma tatacce ake so, wanda ya bi ta matatar RO, domin ruwan famfo yana da kulorin, na rijiya da burtsatse kuwa yakan zo da naitiret ko ƙarfe.

Na uku sinadaran gina ƙashi. Alkaliniti ya tsaya tsakanin 7 da 11 a ma'aunin dKH, kalsiyam 400 zuwa 450 ppm, magnesiyam wajen 1,300 ppm. Tsayuwar lamba ta fi lambar kanta muhimmanci. Tankin da ke zaune a 8 kullum ya fi wanda yau yake 7 gobe 10.

Na huɗu datti. Naitiret da fosfet suna hawa idan ana cika wa kifaye abinci. Sai dai kada a mai da su sifili, domin gansakukar jikin murjani tana buƙatar ɗan kaɗan. Ruwan da ya yi tsabta fiye da kima yunwa yake sa masa.

Idan duk lambobin sun yi daidai, tambayi kanka: me ya canza a makon nan? Sabuwar fitila mai ƙarfi tana ƙone murjani, shi ya sa ake ƙara haske a hankali. Injin kaɗa ruwa ya tsaya? An fesa maganin sauro a ɗakin? An tsoma hannu da mai ko sabulu? Maganin kifi mai tagulla kuwa guba ne ga murjani, ko kusa kada ya shiga tankin. Da dare ka haska tocila: za ka iya ganin tsutsotsi masu cin namansa, ko maƙwabcinsa ya miƙo dogayen yatsu yana harbinsa. Sai a raba su, a ba kowa fili.

Ɗauke wuta ma babbar matsala ce. Ruwa na tsayawa iska ke fara ƙarewa, cikin sa'o'i kaɗan ake rasa kifi da murjani. Ƙaramin famfon iska mai batir ba shi da tsada, ga shi yana ceton tanki gaba ɗaya.

Gyara kuma abu ɗaya-ɗaya ake yi. Idan ana zargin guba, a canza kashi 20 cikin 100 na ruwan da sabon haɗi mai zafi da gishiri iri ɗaya, a sa gawayin tace ruwa. Sannan a jira kwanaki, ana rubuta awo a littafi. Wanda ya canza fitila, gishiri da abinci rana ɗaya, ko murjanin ya warke ba zai san abin da ya warkar da shi ba.

Wajen saye ma a lura. Murjani mai ƙashi yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, ba ya tsallaka iyakar ƙasa sai da takardar izini. A nemi wanda aka rena a tanki, ya fi jure zaman gida, kuma ba a ɓallo shi daga teku ba. Rai ne aka ɗauko aka sa a gilashi, amanarsa tana wuyan wanda ya ajiye shi.