Hirar ofis da aka kulle: mai gyara ba zai tono maka ita ba

Na gaji da jin wannan shawara. Kwamfutar ofis ta lalace, ko mutum zai bar aiki yana son tsohuwar hirarsa da abokan aiki, sai wani masani na bakin titi ya ce masa: "Ai komai na cikin na'urar, kwafe fayil ɗin a filashi ka kai wa yaron nan mai gyara, zai buɗe maka." Wannan zance ya jawo wa mutane asara ba kaɗan ba.

Fayil ɗin yana nan, gaskiya ne. Amma a kulle yake. Manhajar Signal ta kwamfuta, alal misali, tana adana saƙonni a rumbun da SQLCipher ya kulle da tsarin AES-256, kuma duk wayon mutum ba ya cankar irin wannan mabuɗi. Har zuwa 2024 mabuɗin a fili yake ajiye kusa da rumbun, daga nan ma wasu suka ɗauka abin wasa ne. Yanzu an ɗaure shi da ma'ajiyar sirrin kwamfutar, wadda a Windows take haɗe da asusunka na shiga. Wanda ya kwafe fayil kaɗai ya ɗauko akwati ne ya baro mukulli a gida.

Ɓarnar ma a wurin gyaran take faruwa. Mai gyara ya goge Windows ya zuba sabuwa, ko ya cire kalmar sirrin asusun da ƙarfi, to mabuɗin na iya tafiya ke nan, ba dawowa. In kuma an kulle faifan kwamfutar da BitLocker, sai da lambar ceto mai alƙaluma 48. Manhajojin intanet masu alƙawarin fasa kowane kulle kuwa, da yawansu ɓarayin bayanai ne.

Abin haushin, in hirar ta Teams ce ko Slack, wahalar banza ce. Hirar Teams da Slack ainihinta na can a rumbunan kamfanonin da suka mallaki manhajojin. Je wa ma'aikatan kwamfuta na ofishinku. A Teams suna iya zaƙulo ta ta Microsoft Purview, muddin ƙa'idar ofis ba ta riga ta share ta ba. Kada ka yi jinkiri: Slack na kyauta saƙonnin kwana 90 kawai yake nunawa, abin da ya haura shekara kuma gogewa yake yi.

Kafin nan, kar a taɓa na'urar, kar a zuba mata komai. Ka nemi izini a rubuce. Hirar nan ba taka ce kai kaɗai ba, akwai sirrin wasu da amanar ofis a ciki, kuma a Najeriya dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta kutsawa cikin kwamfuta ba da izini ba. Lambar BitLocker kuwa, in na'urar ofis ce, yawanci tana wurin waɗancan ma'aikatan; ka tambaye su tun na'urar tana aiki.