Nisan Gona, Nisan Rijiya: Abin da Ke Sa Mutane Su Ƙaura

'Yan'uwa manoma, a ƙauyuka da yawa za mu ga tsohon gari ya zama kufai, sabbin gidaje kuwa sun jeru a bakin hanya. Waɗansu dattawa sukan ce matasa ne ba su son gidan ubanninsu. Mu dai a ganinmu yawancin laifin na tafiyar yau da kullum ne.

Bari mu yi lissafi. Mutum mai lafiya yakan yi tafiyar mil 3 cikin awa ɗaya. Idan gonarsa tana da nisan mil 3, kowace rana awa 2 sun tafi a hanya. A kwana 6 awa 12 ke nan, watau kusan aikin yini biyu, kuma a lokacin noman fari, sa'ad da ciyawa ba ta jiran kowa. Taki ma ba ya kai wa gonar nesa, gama wa zai ɗauki kwandon taki a ka har mil 3? Shi ya sa gonar bayan gida takan yi kyau, ta daji kuwa tana ramewa.

Mutanen Kofyar na Jihar Filato sun nuna mana wannan sarai. Kakanninsu sun zauna a kan duwatsu domin tsaro, kowane gida da gonarsa kewaye da shi, suna zuba mata takin awaki. Daga wajen shekarun 1950 suka soma sare daji a filayen Namu domin noman sayarwa. Da fari bukka kawai suke kafawa, su yi aiki su koma gida. Da zirga-zirgar ta ishe su, sai bukka ta zama ɗaki, ɗaki ya zama gida, aka kwaso mata da yara. Motoci kuma suka riƙa zuwa ɗaukar doya. Daga baya makaranta da majami'a suka bi su.

Hanya ma takan haifi gari. Kafanchan ta girma ne bayan da ta zama mahaɗar jirgin ƙasa a 1927. Ƙaramin jirgin da ke tafiya tsakanin Zariya da Jos kuwa an daina shi a 1957, ciniki ya koma wurin da mota ke bi.

Amma ga inda mu maza mukan yi kuskure. Idan ana shawarar ƙaura, maigida yakan auna nisan gona da na kasuwa kaɗai. Kasuwa sau ɗaya ce a mako. Gona ta damina ce da kaka. Rafi fa? Uwargida tana iya zuwa sau 3 a yini, rani da damina, ga itace, ga kai niƙa. Yaro kuma yana zuwa makaranta kwana 5 a mako, in akwai kogi marar gada a tsakani, sai ya zauna a gida duk lokacin da kogin ya cika. Asibiti ba kullum ake zuwa ba, amma ranar da naƙuda ta yi gardama da dare, nisansa ya fi kowane nisa. In an tara tafiyar dukan gida, sau da yawa ta mata ita ce mafi tsawo.

Babur ya rage nisa, gaskiya ne. Sai dai tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, kuɗin kai buhu kasuwa ya tashi ƙwarai. A waɗansu wurare kuma rashin tsaro ya sa an bar gonakin nesa, an matso kusa da gari.

Saboda haka kafin ƙungiyarku ta gama kai ta zaɓi wurin gina rumbun ajiya, ko rijiya, ko injin niƙa, ku zauna tare da zumuntar mata. Ku zana taswirar ƙauye a ƙasa, kowane gida ya ajiye tsakuwa ɗaya a kan kowane wurin da wani nasa ya je a makon da ya wuce, sau nawa tsakuwa nawa. Ku sake yin haka da damina, gama hanyar da amalanke ke bi a Janairu ba lalle ta biyu a Agusta ba. Wani lokaci kwalbati ɗaya da aikin gayya na kwana biyu sun isa su riƙe gidaje goma a kan gonakinsu.